Kisa A Fagen Dambe

Akwai wata kalma da mu ke faɗa a bakin fagen dambe muna sowa muna tafi, wadda in da a wani wuri dabam aka ji ta da sai an yi salati. Kalmar nan ita ce kisa. Idan ɗan dambe ya kai wa abokin karonsa naushi ya faɗi, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa kaɗai ta taɓa ƙasa, sai mu ce ya kashe shi. Shi kuwa wanda aka kashe ɗin sai ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya koma cikin mutanensa, gobe ma a sake. Tun ina yaro na ke jin kalmar nan, ban taɓa tsayawa na auna nauyinta ba sai ran da ta tabbata a kan abokina.

Mu mutanen Kwargaba da sauran ƙauyukan ƙasar Wurno manoma ne. Muna da gero da dawa a tudu, muna da shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamar Rima. In kaka ta yi, an cika rumbu, kowa ya ga ɗan abin sawa a aljihu, sai hankalin samari ya koma wajen kalangu. Asalin dambe wasan Rundawa ne, watau mahauta, su ne ke bin gari gari da makaɗansu lokacin kaka, ko da ya ke yanzu kowane irin yaro yana shiga. Ga shi kuma ƙasarmu ba baƙuwar wannan wasa ba ce, gama Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda duk ƙasar Hausa ba a yi makaɗin dambe da ya fi shi suna ba, mutumin ƙasar Gandi ne ta nan Raba. Da muryarsa muka tashi, a rediyo da kaset, har mun san sunan Shago da na Ɗandunawa kamar yadda muka san sunayen maƙwabtanmu. Duk yaron da ya ji kiɗan nan, in dai lafiyarsa ƙalau, sai ka gan shi ya nemi tsumma ya naɗe hannu.

Abokin nan nawa tare muka yi makarantar allo, tabarmarmu ɗaya, tawadarmu ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba domin iyalinsa suna nan da rai; Bahago zan kira shi, tun da ya ke a hagu ya ke ɗaura zare. Ɗan Rundawa ne gaba da baya. Ni aka kai ni firamare, daga bisani na zama akawu, shi kuwa ya bi mahaifinsa mahauta, amma wannan bai raba mu ba. Duk inda za shi dambe, in dai ba ranar aiki ba ce, ni ke riƙe masa riga. Ina alfahari da shi ƙwarai, ba na ɓoyewa. Mutum ne mai fara'a, ba shi da faɗa a gari ko kaɗan, abin da ya samu a fage kuwa ba ya kwana a hannunsa.

A cikin kakar 2009, shekara guda kafin babbar ambaliyar nan da ta cinye mana gonaki, aka sa damben kwana uku a wani ƙauye wajen Goronyo. Ranar farko aka haɗa shi da wani ƙato baƙo, wanda a ido ya ɗara shi nauyi nesa ba kusa ba. A turmi na biyu baƙon nan ya same shi a muƙamuƙi, ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Fagen kuwa fako ne, ba rairayi ba. Ya ɗan jima kwance bai motsa ba, aka sheƙa masa ruwa, aka ɗaga shi tsaye, aka girgiza shi, ya buɗe ido ya yi murmushi. Muka ce alhamdu lillahi. Da dare ya ce mini kansa yana sara, ya aiki yaro wajen mai tallan magani aka sayo masa ƙwayoyi ya haɗiye.

Kashegari da la'asar ya zauna can bayan mutane, ya ce mini yau jikinsa ba ya so. To, nan ne wurin da ke yi mini wuyar rubutawa. Makaɗa suka hango shi, suka saki takensa, suna kiran sunan ubansa da na kakansa. Ya sunkuyar da kai bai tashi ba. Ni ne na miƙe, na zaro kuɗi na liƙa wa babban makaɗin a goshi, na ce kada ya sassauta sai Bahago ya fito ya wanke mana kunyar jiya. Na juyo na ce masa, "Haba Bahago, a garin mutane za ka bar mu da abin faɗi?" Ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da alƙalami kaɗai ka sani, kai ke tura mutane?" Jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙa hannu aka ɗaura masa zare.

Wanda ya kara da shi ran nan bai kai na jiya ba ko kusa. Naushin da ya same shi kuwa, wallahi, ba wani naushi ba ne, a gefen kai ya goge shi. Sai muka ga ya durƙusa. Ya tashi da kansa, ya fita fage da ƙafarsa, har yana yi wa mutane ba'a. Bayan magariba aka kawo tuwo ya ci loma biyu, ya fita ya yi amai. Ya dawo yana magana tana karkacewa, ya kira ni da sunan ƙanensa, ya ce barci ya ke ji. Waɗansu suka ce jifa ne aka yi masa, aka kawo hayaƙi, aka shafa masa rubutu. Wani dattijo ya ce a nemi mota a kai shi Sakkwato. Ni kuwa, da na ke ganin ni ne mai ilmin boko a wurin, na ce, "Baba, gajiya ce, a bar shi ya yi barci, da safe sai ya warware." Tsakar dare na ji yana wani irin minshari mai nauyi, na ce a raina barci ya yi daɗi. Da asuba na tashe shi salla bai tashi ba.

Mun isa asibiti da hantsi, yana numfashi amma bai san wanda ke kansa ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta mini.

Likitan da ya duba shi ya kira ni gefe ya tambaye ni yadda abin ya faru tun daga farko. Da na gama sai ya yi mini bayani da misalin da har gobe ba zan manta ba. Ya ce in ɗauki ƙwaƙwalwar mutum kamar kindirmo ne a cikin ƙwarya an rufe. In ka bugi ƙwaryar, ko da ba ta fashe ba, kindirmon ciki sai ya kaɗu ya bugi wancan gefe. Naushin muƙamuƙi ya fi kowane muni, domin yana juya kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta murɗa a cikin ƙoƙonta. Tsakaninta da ƙoƙon kai akwai waɗansu 'yan jijiyoyin jini sirara. In ɗaya ta tsinke sai jini ya riƙa tsiyaya a hankali yana taruwa. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa, saboda haka jinin nan ba shi da wurin zuwa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum ya kan tashi ya yi tafiya, ya yi hira, ya ci abinci, alhali kuwa ajalinsa yana taruwa a cikin kansa. Ya ce ciwon kai mai ƙaruwa, da amai, da ruɗewar magana, da barci mai nauyi, da mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe guda, da farfaɗiya, da baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a ɗauki mutum a nufi asibiti a sa'ar nan, ko tsakar dare ne. In an zo da wuri ana ɗaukar hoton kai, a buɗe ƙashin a kwashe jinin, mutane da yawa kuwa sun rayu ta haka. A nan Sakkwato ma akwai sashen aikin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, daga Wurno kuwa tafiyar ba ta wuce mil talatin da wani abu ba. Sa'an nan ya ce ƙwaƙwalwar da ta bugu jiya ba ta jimre bugu na biyu yau, ko da ƙarami ne. Bai san ni ne na liƙa wa makaɗi kuɗi ba, ni kuwa ban gaya masa ba.

Bayan wannan na daɗe ina zaton laifin na jahilcinmu ne kaɗai, ina cewa da damben Turawa ne, mai safar hannu da likita da agogo, da haka ba ta faru ba. Da na shiga bin labarin nasu sai na tarar abin ya fi haka zurfi.

Damben Turawa na neman kuɗi yana tafiya ne bisa dokokin da aka buga a Ingila cikin 1867, waɗanda a ke kira dokokin Queensberry. Su ne suka kawo safar hannu, da turmi na minti 3, da hutun minti 1, da ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Mutumin Nijeriya na farko da ya zama zakaran duniya a wannan wasa shi ne Hogan Bassey, mutumin Kalaba, wanda ya ci kambinsa a birnin Paris cikin 1957. A 1959 wani Ba'amurke, Davey Moore, ya karɓe kambin daga hannunsa. To, shi Moore ɗin nan, cikin watan Maris na 1963, ya kara da Sugar Ramos a Los Angeles, ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi igiyar ƙasa ta dandamali. Ya tashi, ya koma ɗakin sa tufafi, ya zauna ya yi hira da manema labarai, sa'an nan ya ce kansa yana ciwo, ya suma. Bai farfaɗo ba har ya mutu bayan 'yan kwanaki, yana da shekara 29. Ran da na karanta labarin nan sai da na ajiye takardar na fita waje, gama labarin Bahago ne sak, sai dai wannan a Amurka, gaban likitoci.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1982 wani ɗan Nijeriya da a ke kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan, aka buge shi a turmi na 6, ya yi watanni kwance bai san inda ya ke ba, ya rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma wani ɗan Koriya, Kim Duk-koo, ya mutu bayan ya kai turmi na 14 da Ray Mancini a Las Vegas. Mutuwarsa ce ta sa aka rage damben kambin duniya daga turmi 15 zuwa 12. Kusan kowace doka ta kiyaye rai da ke cikin wasan nan, in ka bi sawunta, sai ka tarar da kabarin wani ko gurguncewar wani a bayanta. Michael Watson na Ingila, wanda ya faɗi a 1991 a karonsa da Chris Eubank, ya yi kwana 40 a sume, ya rayu amma da naƙasa. Ya kai hukumar damben ƙasarsu ƙara domin ba ta tanadi taimakon gaggawa yadda ya kamata a bakin dandamali ba, kotu kuwa ta ba shi gaskiya. Yanzu a ƙasashen da ke bin doka ba a fara wasa sai da likita da iskar oksijin da motar asibiti a tsaye, ana auna 'yan wasa a raba su aji aji bisa nauyi, wanda aka sumar kuma a hana shi dambe kwana 30 ko 45 ko 60, gwargwadon dokar wurin.

Duk da haka ba a daina mutuwa ba. Ran 2 ga Agusta 2025, a dare ɗaya, a zaure ɗaya cikin birnin Tokyo na Japan, samari biyu 'yan shekara 28, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, suka sami irin zubar jinin nan a cikin kai, aka yi musu aiki, duka biyu suka mutu. Kafin wannan, ran 29 ga Maris na shekarar, wani ɗan Nijeriya, Segun Olanrewaju, mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na 3 a Ankara ta ƙasar Gana, bai tashi ba. Hukumar damben Nijeriya ta ce ba ta ba shi izinin wannan karo ba. Mutum mai shekara 40 ba ya ƙetare ƙasa ya ba da kansa a daka don nishaɗi. Neman abin kai wa gida ne, irin wanda ke fitar da namu samarin.

Da na ɗora wasannin nan biyu a kan sikeli, sai na ga abin da ban zata ba. Ta wani fanni damben namu ya fi nasu rahama. Hannu ɗaya mu ke dukan juna da shi, turmi uku ne, rabin lokacin ma a kan ƙare shi wajen dako da auna juna, da zarar mutum ya taɓa ƙasa kuwa magana ta ƙare. Su kuwa hannu biyu ne, har minti 36, wanda ya faɗi kuma a ƙirga masa, in ya iya miƙewa kafin goma a sake tura shi cikin duka da kansa a juye. Safar nan tasu ma ta fi tsare hannun mai duka bisa ga kan wanda a ke duka, gama mai safa ba ya tsoron karya yatsunsa, sai ya yi ta kai wa kai naushi ba ƙaƙƙautawa. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama tsofaffin 'yan dambe saboda yawan bugun kai: rawar hannu, da jan ƙafa, da nauyin baki, da mantuwa, kamar wanda ya bugu da giya. Mu ma muna da irinsu a bakin kasuwanninmu, sai dai mu mu kan ce asirinsu ne ya juye musu.

Amma ta wajen abin da ke biyo bayan faɗuwa, nan kam sun bar mu nesa. Mu ba mu da sikeli, ƙarami ya kan tari babba don a ce jarumi ne. Zaren da a ke naɗawa tauri gare shi kamar dutse. Fage a kan share shi duk inda aka samu, ko fako ko tsakuwa. Ana tsaga hannu da reza ɗaya a shafa magani, mutum biyar ko shida, ba mai tunanin ciwon da jini ke ɗauka. Ga ƙwayoyin kashe zafi irin su taramol da waɗansu yara ke sha kafin su shiga, waɗanda ke ɓoye ciwon kai, shi kuwa ciwon kan nan shi ne ɗan aiken da jiki ke turowa. Mafi muni duka, wanda aka sumar yau gobe yana fage. Dā can dambe na kaka ne, mutum ya yi wata biyu ko uku ya koma mahauta ko gona, jikinsa ya huta. Yanzu ya zama sana'a ta dukan shekara. Akwai gidajen dambe a Kano da Dei-Dei ta Abuja da Maraba ta Jihar Nasarawa, 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suna sa zare rani da damina, ana sa babur ko mota a gasa, ana ɗaukar hoton wasan ana watsawa a intanet har ƙasashen waje. Waɗansu masu shirya irin wannan sun fara kawo ma'aikatan lafiya, na yaba musu. Amma damben ƙauye yana nan yadda na san shi, sai ma abin da ya ƙaru, watau rashin tsaron hanya a gabashin Sakkwato, wanda ya sa fita da majinyaci da dare ta zama wani abin tsoro na dabam.

Ban ce a hana dambe ba. Malamanmu da yawa suna ƙyamarsa, suna kafa hujja da hanin dukan fuska da hanin jefa kai cikin halaka, ni kuwa ban isa in ja da su ba. Sai dai na san ko an hana shi a fili za a yi shi a bayan gari, inda ba dattijo ko ɗaya. Ni akawu ne, abin da na iya shi ne littafi. Saboda haka shekara biyu bayan rasuwar Bahago na sayi babban littafi na ja masa layi, na kai wa dattawan Rundawa na wajenmu, na roƙe su duk wanda aka sumar a rubuta sunansa da ranar, kada a bar shi ya ɗaura zare sai ya cika wata guda, kuma kada a buga kalangu sai an yi magana da mai mota ya tsaya kusa. Suka karɓa da mutunci. Maganar mota ta zauna, har yau ana yi, an kuwa kai mutum biyu asibiti da ita a sanina, duka sun dawo da ƙafarsu. Maganar littafi ita ce ta sha ruwa. Ɗan dambe ba ya amfani da sunan yanka. Yau Shagon wane ne, gobe Autan wane, in ka hana shi nan sai ya hau babur ya tafi ƙasar Raba ko ya haura Zamfara, inda ba wanda ya san an kashe shi shekaranjiya. Littafin yana nan cikin akwatina, shafi huɗu kaɗai aka cika.

Bahago ya bar ɗa namiji, yana da shekara 4 sa'ad da abin ya faru. A hannuna ya tashi, ni na sa shi makaranta, Baffa ya ke kirana. Shi ma bahago ne, kafaɗarsa da tafiyarsa duk na ubansa. Bara da kaka aka gaya mini an gan shi yana sa zare a wani ƙauye, ya yi kisa biyu. Na kira shi ɗaki bayan lisha, na rufe ƙofa, na ba shi labarin nan duka kamar yadda na rubuta shi a nan, har da kuɗin da na liƙa wa makaɗi, abin da ko mahaifiyarsa ban taɓa gaya wa ba. Ya yi shiru yana kallon tabarma, ya daɗe. Can ya ce, "Baffa, Allah ya riga ya rubuta, ba kai ba ne." Na ce na ji, amma ba wannan na kira shi ya faɗa mini ba; so na ke ya bari. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba zai iya bari ba.

Abin da na samu daga gare shi alkawari uku ne, ya dafa Alƙur'ani a kansu: ba zai sha ƙwaya ya shiga fage ba, ba zai tari wanda ya fi shi nauyi ƙwarai ba, in kuma aka kashe shi har ya ga duhu, zai dawo gida ya zauna wata guda ko makaɗa sun kira sunan kakansa na bakwai. Na rubuta lambar wayata a takarda na sa ya ɗinke ta cikin ɗamararsa tare da layunsa. Bayan sallar layya ya tafi Kano. Ya kan kira ni ran Juma'a, ni kuwa kafin in tambaye shi ko ya ci ko an cinye shi, sai in sa shi ya faɗa mini sunayen ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ina saurara in ji ko harshensa ya yi nauyi.